Gonar da Ta Jira Teku

Legas, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Basiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Inna da mai ɗakinka Ummukulthum da yara. Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Baba? Allah Ya haskaka kabarinsa.

Yaya, na ba Nababa direban motar albasa wannan wasiƙa ne saboda tun bayan sadakar arba'in ba ka ɗaga wayata. Ban ga laifinka ba. Na san ban samu jana'iza ba, sai ranar bakwai na iso, kuma na san babu aikin da zai zama hujja a wurinka. Amma maganar da ke tafe da ni ba za ta jira mu shirya ba.

Maganar geron Baba ce. Da na zo, na ji yadda mata suka ɗebi damman iri bisa kuskure suka daka gumbar sadaka da su, har ya zama abin da ya tsira shi ne ɗan damin da ke rataye a ɗakinsa, wanda bai cika kwano guda ba. Wato shuka ɗaya gare mu, ba ta biyu.

Ka san aikina auna ruwan teku ne. A cikin tekun nan akwai wani kogi, ba shi da gaɓa amma yana gudu, kuma ruwansa mai ɗumi ne. Yana tasowa daga yamma, ya bi bakin ƙasar Gana, ya wuce ta gaban Legas ya nufi gabas. Da rani yakan yi laƙwas. Daga watan Mayu sai ya ƙara gudu, kuma a wannan tsakanin ne ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙarƙashi, fuskar teku ta huce. In teku ya huce alhali ƙasarmu tana tafasa da zafin bazara, sai iska ta kwaso damshi ta yo Arewa, damina ta zauna. In kuwa bai huce ba, hadari yakan tsaya nan Kudu yana zuba, abin da zai iso muku ruwa ɗaya ne ko biyu, sai a ɗauke.

Shekarata shida ina wannan awo, ban taɓa ganin ruwan da zafi irin na bana ba, kuma kogin har yanzu bai motsa ba. Ba duba nake yi ba, gaibu na Allah ne. Amma don Allah kada ka shuka geron Baba da ruwan farko. Ka jira sai na rubuto maka cewa teku ya huce.

Ka duƙa ka gaishe mini da Inna. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Abdulrashid

Tudun Gawo, ta Minjibir, 3 ga Mayu

Zuwa ga Abdulrashid,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi da godiyar Allah. Inna tana amsawa, Ummukulthum da yara suna gaishe ka. Haƙuri kuwa mun riga mun yi shi, mu da muka ɗauki makara.

Takardarka ta iso tana warin albasa. Na karanta ta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in tabbatar ba zazzaɓi ke damunka ba. Wai kogi a cikin ruwa! Malam na teku, mu nan kogin da muka sani in ya zo yakan ci gaɓa, kowa ya gan shi. Kai da rabonka da riƙe sungumi tun kana aji uku, yau kai za ka yanka mini ranar shuka daga garin da sai an kwana biyu a mota.

Baba bai taɓa ganin teku ba har ya koma ga Allah, kuma shekara hamsin rumbunsa bai kwana wofi ba. Yakan dubi gawo in ya fara kakkaɓe ganye, ya dubi shamuwa, ya ji inda iska ta juyo. To shamuwa ta sauka kan kukar masallaci shekaranjiya, har guda huɗu. Sai dai ko ita ba ta samu wasiƙarka ba.

Da don ta ni ne, da na ƙunshe goro da takardar. Kuskuren da na yi shi ne a gaban Inna na buɗe ta, ta ce in karanta mata. Da na gama sai ta ce, "Basiru, ai don rana irin wannan Malam mahaifinku ya sayar da fadama ya kai yaron nan jami'a. In ba mu ji maganarsa ba, fadamar ta tafi a banza ke nan." Na ce, "Inna, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, ina ruwanmu da na teku?" Ta ce, "Ni dai na faɗa maka."

Ka ji fa. Fadamar da nake noman rani a cikinta, wadda aka raba ni da ita ina ji ina gani, yau da ita za a ɗaure mini hannu. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Zan jira, don ita ba don kai ba. Amma ka tuna geron nan kakanmu ne ya bar wa Baba, shi kuma duk shekara da hannunsa yake zaɓen zangarniyar da za a rataye. Tun da kowa ya koma sabon iri na kasuwa, babu shi a rumbun kowa a ƙasar nan. In ya salwanta, yana wuyanka.

Ka huta lafiya.

Basiru

Tudun Gawo, 24 ga Mayu

Abdulrashid,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya.

Ran Alhamis bayan la'asar an tafka ruwa. Na tona ƙasa da hannuna, damshi ya wuce kamu guda. Da gari ya waye duk Tudun Gawo yana gona, masu sara na sara, masu binnewa na binnewa, tun daga bakin rijiya har iyakar Kwanar Dutse. Ka san yadda gonakinmu suke a manne, ba ka taka ta wani sai ka taka ta wani. To ga tamu nan a tsakiya fayau, kamar sanƙo.

Malam Yahya, maƙwabcinmu na gona ta gabas, ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Basiru, lafiya kuwa? In sungumin ne ya ɓata in ara maka nawa." Na ce jira nake. Ya ce jiran wa? Ni kuma da wautata sai na gaya masa gaskiya. Kafin sallar Juma'a magana ta gama gari. Yanzu ba ni da suna sai Mai Jiran Teku. Jiya a majalisa wani ya ce, "Yau kam ya huce, ko a aika masa da mafici?" Aka kwashe da dariya har da masu furfura. Na yi dariyar ni ma, don in ban yi ba kuka zan yi.

Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa zama abin nuni a garin nan ba sai ta dalilinka. Kai kana can inda ba wanda ya san ubanka, ni ke bin hanyar gona ina sunkuyar da kai.

Irin yana nan a rataye a ɗakin Baba, ban taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ka gaya wa kogin naka ya ɗan ɗaga ƙafa.

Wassalam.

Basiru

Legas, 29 ga Mayu

Yayana Basiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri a kan abin da kake sha a gari. Wallahi na ji nauyinsa.

A taƙaice nake rubutu don motar Nababa tana shirin tashi. Awon jiya ya nuna zafin ruwan bai sauka daga digiri ashirin da tara ba, kogin kuma ya fara motsi amma a hankali. Ruwan da kuka samu ba na zama ba ne, ka ƙara daurewa.

Gobe za mu shiga jirgin bincike mu nausa tsakiyar teku, mako uku. Can ba a samun layin waya. Da zarar mun sauka zan sanar da kai abin da na gani.

A gaishe da Inna, a roƙa mini addu'arta.

Naka,
Abdulrashid

Tudun Gawo, 22 ga Yuni

Zuwa ga ƙanina Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai kyau, da fatan kun sauka lafiya ko kuna gab da sauka. Nababa ya ce zai ajiye maka wannan a wurin mai gadin ofishinku.

To ɗan'uwa, gani ya kori ji. Bayan ruwan nan na Alhamis sama ta rufe bakinta kwana ashirin da uku. Shukar mutane ta fito kamar allura, ta tsaya tana jira, ta murɗe, ta bi iska. An fita roƙon ruwa sau biyu. Wanda ke da sauran iri ya gode Allah, wanda ba shi da shi ya nufi kasuwar Minjibir.

Ka zo ka ga yadda gari ya juya. Mai maganar mafici yanzu in ya hango ni sai ya sake hanya. Malam Yahya da kansa ya yi sallama a zaurenmu, ya tuɓe takalmi ya zauna, ya ce, "Basiru, ashe ƙanen nan naka ba wasa yake ba. Allah Ya yi wa karatu albarka." A majalisa har tabarma ake matsa mini. Kowa ya gaishe ni sai ya ƙara da, "Me teku ya ce?" Ni kuma in gyara murya in ba su labarin kogin da ba shi da gaɓa, kamar ni na haƙa shi.

Ruwa ya dawo ran sha huɗu ga wata, kuma tun daga nan an yi uku masu kyau. Sun zo sun tambaye ni ko su sake shuka. Na ce ni dai saƙo bai iso mini ba. Suka yi ta jujjuya magana, daga baya suka shuka, don wanda ya ƙone sau ɗaya ba ya iya zama yana kallon ƙasa a jiƙe. Na bar su, ai sun saba gaggawa.

Abin dariya, yanzu Inna ce ke cewa in shuka. Wai, "Malam bai taɓa bari gari ya riga shi da mako guda ba." Na ce, "Inna, ba ke kika ce a ji maganar yaron nan ba? Ya ce sai ya rubuto, kuma bai rubuto ba." Ta ce, "Wancan karon daban, wannan daban." Na ce a'a, magana ɗaya ce. Ba zan kai geron Baba bakin wuta ba bayan Allah Ya tsame shi sau ɗaya.

Sungumi yana jingine a bakin ƙofa. Kalma ɗaya nake jira daga gare ka.

Allah Ya ƙara basira.

Yayanka,
Basiru

Legas, 11 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, amma hankalina a tashe yake.

Shekaranjiya da muka sauka, tun ina kan matakalar jirgi na kira ka. Na ce ka shuka, ka ce "to" ka kashe. Sai da na isa ofis mai gadi ya miƙo mini wasiƙarka ta ashirin da biyu ga Yuni, na karanta ta a tsaye.

Injin jirginmu ne ya lalace, mako uku ya zama shida. Ruwan sanyin ya taso tun goma ga Yuni. Ina tsaye a gaban na'ura na ga awo yana sauka, ashirin da takwas, da bakwai, da shida, kogin kuma ya ɗauki gudu irin wanda nake jira tun Afrilu. Na san a ranar damina ta kama hanyar gida. Na roƙi a bar ni in aika saƙo ta na'urar jirgi, aka ce ta aikin jirgi ce kawai.

Amma Yaya, wallahi ban taɓa zaton za ka ga ruwa uku a jere ka zauna ba. Da na ce ka jira, ruwan farko nake nufi. Ni teku na sani, gona kai ka san ta. Ina tsammanin in ƙasa ta yi maka magana za ka ji ta, ko da wasiƙata ko babu.

Duk da haka ban fid da rai ba. In ruwa ya kai ƙarshen Satumba, geron zai iya nuna. Ka sanar da ni yadda ya fito.

Ka yafe mini, ka roƙa mini Inna ita ma.

Ƙaninka,
Abdulrashid

Tudun Gawo, 2 ga Oktoba

Abdulrashid,

Sallama. Muna raye. Dawar gonar bayan gida ta yi, ba za mu kwana da yunwa ba, kada wannan ya dame ka.

Wata uku ban amsa maka ba, wayarka kuma ina ganinta tana ƙara ina ƙyalewa. "Gona kai ka san ta." Wannan magana na kwana da ita na tashi da ita. Lokacin da na san gonar, an ce mini in yi shiru mai ilimi yana magana. Da na yi shirun, sai aka ce don me ban yi magana ba. Kun iya, ku 'yan boko. In ta yi kyau awonku ne, in ta ɓaci manomi ne bai gane ba.

Ga labarin geron, tun da ka tambaya. Na shuka washegarin da ka kira. Ya fito gwanin sha'awa, ya yi tsawon da ya shanye ni, zangarniya kamar damtse, irin wadda Baba ke shafawa yana murmushi. Sai dai ya fito a baya da kusan wata guda. Tsakiyar Satumba gari ya yanke gero ya ɗaure ya kai gida, namu kuwa a lokacin ƙwayarsa take madara.

Ka manta, ko ba ka taɓa sani ba, abin da ya sa garin nan ke shuka rana ɗaya. In geron kowa ya nuna tare, tsuntsu yakan ɗiba nan ya ɗiba can, kowace gona ta ba da ɗan rabonta ba wanda ya ji. In kuwa gona ɗaya ta rage a tsaye, duk jan-bakin da ke ƙasar nan ita zai sauka wa. Haka suka zo mana, in sun taso har inuwa suke yi.

Na kafa rumfa a tsakiyar gona. Na ja igiyoyi na rataya gwangwanaye. Na yi ta wurga majajjawa tun fitowar rana har faɗuwarta, kwana tara, har muryata ta dushe kafaɗata ta kumbura. In na kore su gabas su sauka yamma. Ummukulthum ta yayyaga tsofaffin zannuwanta muka ɗaure wa zangarniya talatin mafi kyau. Rana ta goma zazzaɓi ya kayar da ni. Malam Yahya ya tsaya mini kwana biyu, Allah Ya saka masa, amma tsoho ɗaya ina zai iya. Da na tashi na tarar da kara tsaye da zangarniya fara fat, ba ƙwaya. Ruwa kuma ya ɗauke tun ashirin ga Satumba, talatin ɗin da muka ɗaure ba su gama cika ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Na san maganar tsuntsun nan. Tun ina ɗan shekara bakwai Baba ya gaya mini ita a kan wannan iyakar. Ranar da Inna ta ce in shuka, na san gaskiyarta. Amma na ɗanɗana tabarmar majalisa, na ji daɗin yadda masu yi mini dariya suke russunawa. Na so a ce sun sake shuka ta sake ƙonewa, ni kaɗai in tsira, su zo su roƙe ni iri. Wasiƙarka na fake da ita. Ina jin haushinka har cikin ƙashina, amma in na kwanta ba fuskarka nake gani ba, tawa nake gani.

Zangarniya talatin ɗin suna shanye a kan rufin ɗaki. Inna ba ta fita yanzu saboda idonta, ban gaya mata ba tukuna.

Sai wani jiƙon.

Basiru

Legas, 9 ga Oktoba

Yayana,

Assalamu alaikum. Na karanta. Laifin namu ne mu biyu, kuma nawa ya riga naka, don ni na ce "sai na rubuto" ban yi tunanin ranar da ba zan iya rubutowa ba.

Don Allah ka sussuke talatin ɗin, ka aiko mini ko cikin tafin hannu ne. Ina da aboki masanin iri, ko ƙwaya goma suka tsira za a iya raya shi. Na nemi hutu, ina tafe ƙarshen wata in sha Allahu.

A gaishe da Inna.

Abdulrashid

Tudun Gawo, 19 ga Oktoba

Abdulrashid,

Wa alaikumus salam. Muna amsawa.

Na sussuke. Da Ummukulthum ta sheƙa, iska ta tafi da kusan duka. Abin da ya rage na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana bakwai, ko ɗaya bai tsaga ba. Ba abin da zan aiko maka.

Na je wurin Malam Yahya na karɓo zangarniya mafi tsawo a rumbunsa, na ɗaure dami na rataye a ɗakin Baba inda aka saba. Jiya Inna ta ce in kai ta ta taɓa irin bana. Na riƙe hannunta na kai ta. Ta shafa, ta murza ƙwaya ɗaya ta sa a baki ta tauna. Ta daɗe tsaye. Sannan ta tofar a tafin hannunta ta ce, "Basiru, mayar wa Yahya geronsa."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce in fitar da ita, in sa kwaɗo a ƙofar.

In ka tashi zuwa, Allah Ya kawo ka lafiya.

Basiru